Magnesiyam da Ƙwayoyin Bitamin: Tsakanin Rubutun Kwalba da Binciken Bethesda

Jan layin jirgin ƙasa na birnin Washinton yana tasowa ne daga jihar Maryland, ya gangaro cikin birni, ya ratsa kusa da Majalisar Dokokin Amurka, sannan ya lanƙwasa ya koma Maryland ta wani ɓangaren. Kusan duk hukumar da ke da ta cewa a kan kwalbar bitamin da ake sayarwa a Amurka tana zaune a gefen wannan layi ko kusa da shi. A Rockville akwai USP, tsohuwar ƙungiyar da ke tsara ma'aunin ingancin magunguna tun 1820. A Bethesda akwai Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa, wato NIH, kuma a ƙarƙashinsu aka buɗe ofishi na musamman don nazarin ƙwayoyin ƙarin sinadarai a 1995. A Silver Spring hedikwatar Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, take. Ga kuma Majalisa a tsakiya, inda aka yi dokar da ta ɗaure hannun wasu ta saki na wasu.

Wannan nazari ya ɗauki magnesiyam a matsayin zakaran gwajin dafi, domin a 'yan shekarun nan sinadarai kaɗan ne suka kai shi farin jini a kantunan magani da shafukan intanet. Ana cewa yana sa barci, yana kwantar da hankali, yana sauke hawan jini, yana hana ɗaurewar ƙafa da dare. Matsayina a fili yake: magnesiyam da 'yan'uwansa suna da amfani na gaske, wani lokaci amfanin ceton rai, amma ga wanda jikinsa ya rasa su ko wanda wata lalura takamaimai ta kama. Mai ƙoshin lafiya da ke haɗiyar su kullum bisa tsammanin tsawon rai, binciken da aka yi da kuɗin Bethesda bai ba shi goyon baya ba.

Sai an fahimci dokar 1994 kafin a fahimci kwalbar. A watan Oktoba na shekarar ne shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar ƙwayoyin ƙarin sinadarai, wadda sanatoci biyu, Orrin Hatch na jihar Utah da Tom Harkin na Iowa, suka tsaya mata. Dokar ta sanya waɗannan ƙwayoyi a rukunin abinci. Kamfanin da zai fito da sabon maganin hawan jini tilas ne ya shekara da shekaru yana gwaji, ya kai hujja Silver Spring, kafin a bar shi ya sayar da ƙwaya ɗaya. Mai yin ƙwayar magnesiyam ko bitamin ba a neman wannan daga gare shi. Shi zai kai kayansa kasuwa, hukuma kuma ita ce za ta nemo hujjar cutarwa idan tana son janye su. An hana shi cewa ƙwayarsa tana warkar da wata cuta, amma an yarje masa ya rubuta cewa tana taimaka wa zuciya ko ƙashi ko garkuwar jiki, muddin ya ƙara da ƙananan baƙaƙe cewa FDA ba ta tantance wannan magana ba. Mai saye kuwa babban rubutun yake gani. Ganyen ifidira, wanda aka danganta da bugun zuciya da shanyewar jiki da mace-mace, sai a 2004 hukumar ta iya haramta shi. A 2019 shugaban FDA na lokacin, Scott Gottlieb, ya bayyana cewa kasuwar da ke da kayayyaki kusan 4,000 a lokacin da aka yi dokar ta haura 50,000, wataƙila ma 80,000, kuɗinta kuma ya tashi daga dala biliyan 4 zuwa sama da biliyan 40. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2017 zuwa 2018 ta nuna cewa kusan kashi 58 cikin ɗari na manyan Amurkawa sun sha wata ƙwaya irin wannan a cikin watan da ya gabaci tambayar.

Shi kansa magnesiyam ba abin rainawa ba ne. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 25, fiye da rabi a cikin ƙashi, sauran a tsoka da sauran nama, abin da ke yawo a jini kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ne ya sa gwajin jini ba ya faɗin duk gaskiyar abin da jiki ya tara. Ayyuka fiye da 300 na cikin jiki ba sa tafiya sai da shi: sarrafa abinci ya zama ƙarfi, motsin tsoka, saƙon jijiya, daidaita bugun zuciya da sukarin jini. A 1997 kwamitin masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa da ke Washinton ya ƙayyade buƙatar yini: miligiram 400 zuwa 420 ga namiji, 310 zuwa 320 ga mace, da ɗan ƙari ga mai juna biyu. Ƙidayar 2013 zuwa 2016 ta gano cewa kashi 48 cikin ɗari na Amurkawa ba sa samun matsakaiciyar buƙata daga abinci da abin sha.

Wannan adadi shi ne jarin masu talla, amma akwai abin da ba sa ƙarawa. Ƙoda mai lafiya tana tattalin magnesiyam. Idan ya yi ƙaranci a abinci sai ta rage zubar da shi a fitsari. Saboda haka ƙarancin da ke kai mutum ga rashin lafiya bai cika samun lafiyayye ba. Waɗanda ya fi kamawa sanannu ne: masu ciwon hanji mai hana tsotsar abinci, masu ciwon suga da bai daidaita ba, mashaya giya, tsofaffi, masu shan ƙwayar sa fitsari irin su furosemide, da waɗanda suka daɗe a kan maganin olsa irin omeprazole. A kan na ƙarshen nan FDA ta fitar da gargaɗi a 2011. Ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, domin mutanenmu da yawa suna sayen maganin olsa a kemis su shekara suna sha ba tare da likita ya sani ba.

Idan aka zo ga alƙawuran da ake yi, hujjar ba ɗaya ba ce. A kan hawan jini, wani nazari na 2016 ya tattara gwaje-gwaje 34 ya gano cewa shan kimanin miligiram 368 a kullum na wata uku yana rage awon sama da maki 2, na ƙasa kuma da ƙasa da haka kaɗan. Ragi ne na gaske, amma wanda awonsa ya kai 170 maki 2 ba za su fitar da shi daga haɗari ba. A watan Janairun 2022 FDA ta yarda a ambaci hawan jini a jikin kwalba, bisa sharaɗin a rubuta cewa hujjar tana karo da juna kuma ba ta kammalu ba. A kan ciwon ɓarin kai akwai abin kamawa, domin a 2012 ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa da na ciwon kai na Amurka sun ce mai yiwuwa yana rage yawan tashinsa, sai dai adadin da ake buƙata yana da yawa, sai da kulawar likita. A kan taurin bayan gida aikinsa tabbas ne, tun kakanni ake amfani da shi. Ɗaurewar ƙafa ta dare a wurin tsofaffi kuwa, nazarin ƙungiyar bincike ta Cochrane na 2020 bai ga wani amfani na a zo a gani ba. Batun barci, wanda ya fi kowanne tashe, ya tsaya ne a kan ƙananan gwaje-gwaje. Wani nazari na 2021 ya sami guda uku kacal a kan tsofaffi, mutum 151 gaba ɗaya, marubutan da kansu suka ce ingancin hujjar mai rauni ne.

Maganar ciwon suga ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne mutane masu hankali ma suke zamewa. Binciken da ya bi rayuwar dubban ɗaruruwan mutane ya nuna cewa masu samun magnesiyam da yawa a abinci ba su cika kamuwa da ciwon suga ba. To amma wane ne ke samun magnesiyam da yawa a abinci? Mai cin wake da ganye da gyaɗa da hatsin da ba a cire masa dusa ba. Irin wannan mutum yana samun harza da wasu sinadarai da dama tare, sau da yawa kuma ba ya cika shan lemon kwalba. Ba a iya ware magnesiyam daga cikin wannan duka a ce shi kaɗai ya yi aikin, balle a ce ƙwaya za ta maye gurbinsa.

Tarihi ya riga ya koyar da wannan darasi da tsada. Masana sun lura cewa masu cin karas da ganye ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai aka ɗauka sinadarin bita-karotin ne sirrin. Cibiyar Kansa ta Ƙasa da ke Bethesda ta haɗa hannu da ƙasar Finlan aka gwada shi a kan maza mashaya taba 29,133. Sakamakon ya fito a 1994, shekarar da Majalisa ta sassauta doka: kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda aka ba ƙwayar. A 2011 wani gwaji a kan maza fiye da 35,000 ya nuna cewa bitamin E ya ƙara haɗarin kansar furostet, wato ƙullun da ke gindin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin ɗari. Gwajin bitamin D da aka yi wa mutum 25,871 na tsawon shekara biyar, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2018, bai rage kamuwa da kansa ko ciwon zuciya ba. A 2022 kwamitin ƙwararru mai ba Amurka shawara kan rigakafi ya ce kada a sha bita-karotin ko bitamin E don kauce wa waɗannan cututtuka biyu, ƙwayar haɗakar bitamin kuma babu isasshiyar hujja a kanta. A 2024 masu bincike na Cibiyar Kansa suka duba bayanan mutum kusan 390,000 na fiye da shekara ashirin, ba su ga masu shan ƙwayar kullum sun fi sauran tsawon rai ba.

Kuskure ne babba mai karatu ya fita daga nan da tunanin cewa duk harkar banza ce. Inda aka san giɓin aka kuma auna shi, sakamako yakan zo a bayyane. Tun Janairun 1998 FDA ta wajabta zuba folik asid a garin alkama da makamantansa, kuma an ƙiyasta cewa jarirai kusan 1,300 ne ke tsira duk shekara daga naƙasar laka da ƙwaƙwalwa. Cibiyar Ido ta Ƙasa a Bethesda ta nuna a 2001 cewa wani haɗin bitamin da zinki yana rage taɓarɓarewar wani ciwon ido na tsufa da kusan kashi 25 cikin ɗari, ga waɗanda ciwon ya riga ya fara kamawa. Wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin yana iya rasa bitamin B12. Bahaushen da ke zaune a Silver Spring ko Hyattsville, mai baƙar fata, mai wuni a ofis, wanda ranar hunturu ba ta ratsa jikinsa, yana da dalilin neman a auna masa bitamin D. A gida kuwa lissafin yana iya juyewa: binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya gano cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe kalsiyam suka fi rasawa, ba rana ba, kuma da aka ba su shi ƙashinsu ya warke fiye da na waɗanda aka ba bitamin D kaɗai.

Mafi girman aikin magnesiyam a duniya kuwa ba a kwalbar kanti yake ba, a ɗakin haihuwa yake. Jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune, tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar Hausa. Gwajin Magpie, wanda aka buga a 2002, ya shafi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar magnesiyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Da aka shigar da allurar a manyan asibitoci goma na jihar Kano daga 2008, tare da horar da likitoci da ungozomomi, mace-macen matan da lalurar ta kama ya faɗo daga kusan kashi 20 cikin ɗari zuwa kusan kashi 2. Likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato su ma sun gwada gajeren tsarin bayar da ita wanda ya dace da asibitin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Allura ce mai araha. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce kwalbar ƙwayar barci ta ƙetare teku ta isa Kano cikin akwatin tsaraba, alhali wata mata a ƙauye ta rasu saboda asibitin da aka kai ta babu wannan allura ko babu wanda ya iya yin ta.

Ita kanta tsarabar tana da nata haɗarin. Iyakar magnesiyam da aka yarda baligi ya sha daga ƙwaya, ban da na abinci, miligiram 350 ne a yini. Wanda ya wuce haka gudawa da murɗar ciki ne farkon abin da zai gani. Ga mai ciwon ƙoda lamarin ya fi haka muni, domin sinadarin taruwa zai yi a jini har numfashi ya yi rauni, zuciya ta rikice. Dattijon da ake aika wa kwalba a Gashuwa ko Haɗeja, wa ya auna ƙodarsa? Magnesiyam kuma yana riƙe wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta a hanji ya hana su aiki, musamman ciprofloxacin da tetracycline, waɗanda ake sha a garuruwanmu ba dare ba rana. Tambarin USP da ake gani a jikin wasu kwalabe shaida ne cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki kuma babu gurɓata. Ba shaida ba ne cewa ƙwayar za ta yi wa mai sha amfani.

Abincinmu na gado bai rasa magnesiyam ba. Gero da dawa da wake da riɗi da alayyafo duk suna ɗauke da shi. Giram 28 na 'ya'yan kabewa yana ba da miligiram 156, rubu'in kofi na gyaɗa kusan 63, rabin kofin dafaffen wake kusan 60. A dusa da ƙwayar tsiro ta hatsi yake taruwa, shi ya sa farar shinkafa da farin fulawa suke zuwa da kaɗan. Gidan da ya bar dambu da fate da ɗanwake ya koma burodi da taliya shi ne ya buɗe giɓin da kansa.

Ga 'yan'uwa mazauna Maryland da Bajiniya da cikin Washinton: kafin ku sayi kwalba don kanku, ku gaya wa likita duk abin da kuke sha, ku nemi a auna abin da ake zargin ya yi ƙaranci. Kafin ku aika wa iyaye a gida, ku tabbatar an duba ƙodarsu an kuma san magungunan da suke kai. Idan kuma akwai mai juna biyu a dangi, kuɗin kwalbar ku biya mata awon ciki, ku tambaya ko asibitin da za ta haihu yana da allurar magnesiyam salfet.