Yadda Ake Haɗa Rediyon Aika Saƙon Imel a Jirgin Ruwa

Da zarar jirgin ruwa ya yi nisa da gaɓar teku, wayar salula kan daina aiki. Rediyon VHF da matuƙa ke magana da tashar jiragen ruwa da shi ma ba ya wuce wasu gomman kilomitoci, domin siginarsa a miƙe take tafiya. Shi ya sa masu ƙananan jiragen da ke ƙetare teku suke dogaro da rediyon gajeren zango, wato HF, mai aiki tsakanin megahaz 3 zuwa 30. Irin zangon da ake kama Sashen Hausa na BBC da shi ne: sigina kan tashi sama, ta bugi wani sashe na sararin samaniya da ake kira ayonosfiya, sannan ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwa ko dubban kilomitoci.

Kayan da ake buƙata

Abubuwa biyar ake haɗawa: rediyon SSB na jiragen ruwa, kamar Icom IC-M802 mai ƙarfin wat 150, na'urar daidaita eriya, ita kanta eriyar, modem ɗin Pactor na kamfanin SCS da ke Jamus, wanda ke mayar da rubutu ya zama sautin da rediyo zai iya ɗauka, sai kwamfuta mai manhajar AirMail. A kan tudu akwai tashoshin da ke karɓar saƙon su zuba shi a intanet. Ƙungiyar SailMail, wadda Stan Honey da Jim Corenman suka kafa a 1998, tana yi wa mambobinta wannan hidima bisa kuɗin shekara. Tsarin Winlink kuwa kyauta ne, amma na masu lasisin rediyon sha'awa, kuma ba a aika saƙon kasuwanci ta cikinsa.

Eriya da mahaɗar ruwa

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Rediyo komai tsadarsa ba zai kai saƙo ko'ina ba idan eriya ba ta zauna daidai ba. A jirgi mai tafiya da iska, akan yi amfani da igiyar ƙarfen da ke riƙe da dogon sandan jirgin daga baya, a raba ta da sauran ƙarafa ta hanyar sanya mata abin tare wuta sama da ƙasa. A jirgi mai inji kuwa, akan kafa sandar eriya mai tsawon kimanin mita 7.

Ana girke na'urar daidaitawa kusa da gindin eriya gwargwadon iko, saboda wayar da ta haɗa su ita ma watsa sigina take yi. Wannan waya na ɗauke da wuta mai ƙarfi lokacin aikawa, tana iya ƙona wanda ya taɓa ta, don haka a nisanta ta da inda hannu ke kaiwa.

Eriya rabin tsarin ce kawai. Ɗaya rabin shi ne haɗin da ake yi da ruwan teku. Ana jan faffaɗan ƙyallen jan ƙarfe daga na'urar daidaitawa zuwa wani farantin tagulla da ke manne a ƙasan jirgi. An fi son ƙyalle a kan waya mai kauri domin siginar rediyo a bayan ƙarfe take gudana, ba a cikinsa ba, don haka faɗi ya fi kauri amfani.

Wuta da hayaniya

Lokacin aikawa rediyon na iya jan kusan amfiya 30 daga batir mai bolt 12. Sai an yi amfani da waya mai kauri, gajera, wadda ta fito kai tsaye daga batir tare da fis. Idan wuta ta yi rauni, haɗin kan yanke ana tsakiyar saƙo. Firji da injin cajin batir da wasu fitilu kan cika rediyon da shuu, shi kuma yakan rikita na'urar tuƙi da kwamfuta. Maganin shi ne a raba hanyar wayoyi, a ɗaura musu zoben ferait, a kuma kashe abin da ba a buƙata kafin a fara kira.

Lasisi da amfani

Doka ta tanadi cewa jirgi ya mallaki lasisin tasha da alamar kira daga ƙasar da ya yi rajista, mai sarrafa rediyon kuma ya riƙe takardar shaida. Lambar MMSI mai alƙaluma 9 ita ake shigarwa domin kiran neman agaji.

Tsarin yana da jinkiri ƙwarai idan aka kwatanta da intanet na gida. Gajeren rubutu da taswirar hasashen yanayi ta GRIB ya fi dacewa da su, ba hotuna ba. Ƙananan mitoci sun fi tafiya da dare, manya kuma da rana. Ko da yake na'urorin tauraron ɗan'adam irin su Iridium da Starlink sun yaɗu, matuƙa da dama na riƙe da rediyon HF, domin kira ɗaya na neman ɗauki kan isa kunnen duk jirgin da ke saurare. Ana so a gwada aikawa da karɓa sau da dama tun jirgi na ɗaure a tasha, domin a tsakiyar teku babu mai gyara.