Asalin kalmar "ci"

"Ci" tana cikin tsofaffin kalmomin Hausa. Masana harshe sun ce asalinta *ti ne, a harshen da ya haifi Hausa da danginta, waɗanda ake kira harsunan Cadi. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan harshe, shi ya sa ake sa tauraro a farkon kalmar, alamar da kwatance aka gano ta.

To, yaya aka yi? Hujjar farko tana bakinmu: "t" kan koma "c" in "i" ko "e" ya biyo ta. Muna cewa sata, amma ya saci. Mutu, amma ya mace. Ta biyu tana wurin dangi: Bolanci na Fika yana cewa "ti", harshen Bade na Gashuwa, can sama a bakin Komadugu, shi ma ya riƙe "t" ɗin. Paul Newman ya wallafa wannan a 1977.

Barbarcin da muke ji nan Diffa ba ya cikin dangin, amma Budumanci na tafkin Cadi yana ciki. In yara suka daina jin irin waɗannan harsuna, hujjojin ma sun tafi ke nan.