Tabarau da Hoton Shaida: Abin da Mai Hoto Ya Gani a Ƙasar Maraɗi

Tun kafin wani bature ya kafa tebur a ƙasar Maraɗi ya ce a kawo takarda, mutanen nan suna yawo da shaidarsu a fuska. Wanzami ne mai bugawa, da askarsa, tun yaro yana cikin zanen goyo. Bagobirin da ya taso daga Tsibiri, can wajen Gidan Rumji, in ya sauka kasuwar Gazawa ba sai an tambayi asalinsa ba, zanen da ya tashi daga gefen baki ya bazu zuwa kunne ya riga ya ba da amsa. Bakatsinen Maraɗi da tasa askar, Babarbare ma da tasa. Dattawa suna cewa a zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi, bayan jihadi ya tura sarakunan Katsina da na Gobir arewa, wannan zane ne ke sa a gane ɗan gida in ya ɓata, a fanshe shi in an kama shi. Mai karanta wannan shaida kuwa mutum ne ɗan'uwanka, wanda ya san ƙasa ya san dangi.

Ni mai hoto ne. Na koyi sana'ar a hannun kawuna, wanda ya ci kasuwannin da ke bakin babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa ta miƙe Tasawa har Damagaram. Abin da ya ci da mu, shi da ni, ba hoton biki ba ne ko na Salla. Ɗan ƙaramin hoton nan ne na kai da kafaɗa, wanda ake liƙawa a takarda a danna masa hatimi. A cikin wannan ɗan hoto na ga tabarau ya yi sarauta, na kuma ga an tuɓe shi.

Ko a Turai ma liƙa hoto a fasfo bai daɗe ba. Yaƙin duniya na farko ne ya kawo shi. A 1914 Ingila ta kama wani ɗan leƙen asirin Jamus, Carl Hans Lody, wanda ya shigo da fasfon wani Ba'amurke, fasfon da babu hoton kowa a jikinsa. Kafin shekarar ta ƙare Amurka ta wajabta hoto, Ingila ta bi sahu a 1915. A 1920 aka yi taro a Paris ƙarƙashin Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani, aka amince fasfo ya zama ɗan littafi mai fasali ɗaya. Hotunan farko ba su da wata doka: wani da malafarsa, wani a zaune cikin lambu, wani da iyalinsa gaba ɗaya.

Mu nan, a zamanin Faransa, talaka bai san fasfo ba. Takardar da ta dame shi ita ce ta haraji. Masu buƙatar hoto 'yan ƙalilan ne: soja, ma'aikacin bariki, direba, ɗan makarantar boko, sai attajirin gyaɗa mai hulɗa da kantunan turawa. Takardun nan ma ba su dogara ga hoton kaɗai ba. Akwai gurbin da magatakarda ke rubuta tsawon mutum da launin fatarsa da wata alama ta musamman, kuma sau da yawa alamar da ke shiga gurbin ita ce aikin wanzami. Bayan samun mulkin kai a 1960 ne katin ɗan ƙasa ya fara sauka ƙauye sannu a hankali, na kwali, ana buga shi da tafireta a ofishin 'yan sanda, a liƙa hoto, a dangwala yatsa.

Kayan aikin kawuna akwatin katako ne mai ƙafa uku, da ido a gaba, da hannun riga baƙi a gefe. Ba fim a ciki, takardar hoto ake sawa. Sai ya rataya zane a jikin bango, ya zaunar da mutum a benci inda haske ke faɗa masa a fuska, ya ce kar ya motsa kar ya ƙifta. Ya zare murfin idon, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Daga nan ya zura hannu cikin hannun rigar, ya tsoma takardar a ɗan faranti na farko, ya mayar da ita na biyu, duk da laluɓe, yana leƙe ta wata 'yar kafa. Abin da ke fitowa da farko abin tsoro ne ga baƙauye: fuska fara fat, haƙora baƙaƙe, farar hula ta koma baƙa. Sai an kafe wannan a ɗan allo gaban akwatin an sake ɗaukarsa, sannan mutum ya fito da kamanninsa. Aikina a lokacin shi ne ɗauraye hoto a bokiti, in yanka da almakashi, in miƙa wa mai shi yana ɗanye.

A ƙarƙashin bencin akwai wani ɗan kwano da muke ajiye kayan aro: agogon da ba ya aiki, biro biyu na sawa a aljihun gaba, da tabarau. Tabaran nan gilashin banza ne, ba ya ƙara gani ba ya ragewa, amma ya fi komai farin jini. Saurayin da ya gama noma yana shirin tafiya cin rani Kano ko Legas zai ce, "Malam, a sa mini madubin nan." Dalilinsa a fili yake. Su wa ke sa tabarau a ƙasar? Mushen makaranta, malamin asibiti, akawu, alhajin da ya dawo Makka. Sa shi a hoto shelar wayewa ce. Ba mu kaɗai muka san wannan dabara ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, kuma hotunansa suka zagaya duniya, shi ma yana ajiye wa masu zuwa irin waɗannan kaya, har da rediyo. Wani lokaci tabaran aro yakan bi mutum har cikin katinsa, kuma jandarman da ke tsaye a shinge bai cika damuwa ba. Zai dubi kati, ya dubi mai kati, ya ga zanen kunci ya yi daidai, ya yi masa tambaya ɗaya ko biyu game da garinsu, ya ce wuce. Idon mutum yana iya tsallake tabarau ya ga wanda ke bayansa.

Kasuwar hoton shaida takan tashi ne duk lokacin da iyaka ta yi zafi. A 1979 ƙasashen ƙungiyar Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza, amma da sharaɗin mutum ya riƙe takardar tafiya. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta Najeriya ta kori baƙin da ba su da takardu, mutanenmu suka yi ta kwararowa gida ta Jibiya da Ɗan Isa. Daga 1984 zuwa 1986 Najeriya ta rufe iyaka, ga fari ga yunwar da har yau ake kiranta El-Buhari. Bayan waɗannan shekaru, wanda bai taɓa tunanin kati ba ya fara nema. Hoton kala ya shigo, akwatin katako ya fara ja da baya, muka koma ɗauka da fim muna ba direba ya kai wanki Maraɗi ya dawo mana da shi. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin fim da takarda ya haura, wasu abokan sana'a suka rufe. Kyamarar zamani da ɗan injin bugawa ne suka ceci waɗanda suka rage.

A can sama kuwa wani canji yana tafe wanda ba mu sani ba. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da ƙa'idar fasfon da na'ura ke karantawa tun 1980. Malesiya ta fara sa ƙwaƙwalwar lantarki cikin fasfo a 1998, kuma bayan harin 11 ga Satumban 2001 manyan ƙasashe suka ruga wannan hanya. Najeriya ta fara nata a 2007. Daga 2009 Saudiyya ta daina karɓar fasfon alhazai na musamman, ta ce kowa ya zo da cikakken fasfo na ƙasa da ƙasa, wannan ne ma ya sa tsohuwar da ba ta taɓa wuce Tasawa ba ta shiga layin hoto mai doka. Ranar 24 ga Nuwamban 2015 wa'adin fasfon da na'ura ba ta karantawa ya cika a duniya.

Na'ura ba ta san Gobir ba, ba ta san Katsina ba. Abin da take fara nema a fuska shi ne idanu, daga nan ta auna sauran. In fitilar kyamara ta daki gilashi ta bar farin tabo a kan ƙwayar ido, ko ƙarfen tabarau ya gitta wa fatar ido, ko ya jefa inuwa a kunci, awon ya ɓaci. Gilashi mai ƙarfi ma yakan ƙara girman ido ko ya rage shi. Shi ya sa Amurka ta hana tabarau a hoton fasfo da na biza daga 1 ga Nuwamban 2016, bayan ta ce a shekarar da ta gabata ta ƙi karɓar hotuna fiye da 200,000, kuma tabarau ne babban dalili. Ta bar ƙofa ɗaya kawai, ga wanda likita ya rubuta cewa ba ya iya cirewa. Faransa ba ta hana gaba ɗaya ba, amma ta ce kar ya zama mai kauri, kar ya zama mai duhu, kar ya yi ƙyalli. Tare da wannan aka zo da sauran sharuɗɗa: bango mai haske, baki a rufe, ban da murmushi, fuska a buɗe daga haɓa zuwa goshi. Mai hijabi ta ja shi baya kaɗan, mai rawani ya sauke amawali.

Samari ba su da wahala, ka ce cire su cire. Masu wuyar sha'ani su ne tsofaffi, waɗanda tabaransu ba na aro ba ne. Ƙasar nan ta sha fama da ciwon ido, ga ƙura ga yana, kuma dattijon da aka yi wa aiki aka ba shi madubi yana ganin ya zama gaɓa a jikinsa. Wani maniyyaci daga wani ƙauyen Gazawa, tabaransa ɗaure da zare ta bayan kai, ya ce mini, "Kai ɗan nan, in na cire shi ai ba ni ba ne. Jikokina ma ba su san ni haka ba." Na ce, "Baba, gaskiyarka. Amma wanda zai duba hoton nan a Jidda ba jikanka ba ne, inji ne, kuma idonka yake son gani." Ya kwance zaren a hankali, ya riƙe tabaran a cinya da hannu biyu. Sai ga sawun ƙarfe a karan hancinsa, idanunsa sun ƙanƙance suna neman inda nake. Na tafa hannu don ya san wajen da zai duba, na jira ya daina ƙifce-ƙifce, na ɗauka. Da ya mayar da madubin ya ga hoton, cewa ya yi, "Wannan ai mahaifina ne."

Yanzu ma aikin yana fita daga hannunmu. Da hukumar zaɓe ta yi rajistar masu jefa ƙuri'a ta zamani gabanin zaɓen Disamban 2020, ma'aikatanta sun bi gari gari da akwatinsu, suna ɗaukar hoto da zanen yatsu nan take, babu wanda ya nemi mai hoto. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga CEDEAO, aka ƙaddamar da fasfon ƙawancensu na AES. Bangon littafin ya canja, ƙa'idar fuska tana nan yadda take, domin na'urorin filayen jiragen duniya ne ke shata ta.

Ban ga laifin dokar ba. Hoton da zai sa a tsare tsoho a filin jirgi ba alheri ba ne gare shi, kome kyansa. Abin da nake gaya wa yaran da ke koyon aiki a wurina shi ne su raba hoto biyu. Na hukuma a yi shi yadda hukuma ke so, ba tabarau ba murmushi, kar a sa mutum asarar kuɗin mota zuwa Maraɗi ko Yamai a dawo da shi. In an gama, a ce masa ya mayar da madubinsa, ya gyara hularsa, ya zauna yadda iyalinsa suka san shi, a ƙara ɗauka ɗaya. Fasfo 'yan shekaru yake yi ya mutu, wannan na biyun kuwa shi 'ya'ya ke zuwa nema a ƙara masa girma.