Kwat a Kan Doguwar Riga: Shigar Ofis a Yammacin Zamfara

Ɗora kwat ko suwaita mai buɗaɗɗen gaba a kan doguwar riga salo ne da mace ma'aikaciya ke haɗa ƙa'idar ofis da suturar da al'ummarta ta yarda da ita. A Talata Mafara, Bakura da Maradun, batun ya wuce kwalliya. Tun watan Janairun 2000, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya fara aiwatar da shari'ar Musulunci a Zamfara, shigar mace a bainar jama'a ta zama abin da ake sa wa ido.

Rigar ƙasa abaya ce ko ɗinkin atamfa mai kaiwa idon sawu. Kwat ɗin kan rufe hannu da ƙugu, sannan a yafa gyale ko ƙaramin hijabi, domin dogon hijabi binne kwat yake yi gaba ɗaya. Suwaita ta hunturu ce, daga Disamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu kuwa, sa'ad da zafi ke haura maki 40, kwat mai shafi azaba ce, musamman a ofishin da ba wuta.

An sha fama kafin a kai nan. A Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a Abuja saboda hijabinta. Sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita, hijabin na ƙarƙashin hular lauya.