Ikon Hukumar Tsare Gine-ginen Tarihi ta Birnin New York

A ƙasar Amurka haƙƙin mallaka abu ne mai ƙarfi ƙwarai. Gyara na biyar da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya hana hukuma ta karɓe dukiyar mutum don amfanin jama'a, sai fa in ta biya shi diyya daidai wa daida. To, in haka ne, ina hukumar gari ta samo ikon hana mutum rushe gininsa, alhali kuwa ba ta saya ba? Tarihin birnin New York ya ba da amsa.

A can, gari ba shi da wani iko sai wanda jiharsa ta ba shi. Garin Charleston ne ya fara keɓe tsohuwar unguwarsa da doka a 1931. A 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa kyan gari yana cikin maslahar jama'a wadda hukuma ke da ikon tsarewa, kana a 1956 Jihar New York ta yi dokar da ta yarje wa garuruwanta su tsare gini sabo da kyansa ko tarihinsa. Amma birnin bai yi aiki da wannan izini ba sai da ɓarna ta auku. Cikin Oktoba 1963 aka soma rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, ƙasaitaccen ginin da aka buɗe a 1910. Masana gini suka yi zanga-zanga, jaridu suka yi kuka, duk ya zama ihu bayan hari, don babu dokar da ta hana.

Ran 19 ga Afrilu 1965 Magajin Gari Robert Wagner ya sa hannu a dokar da ta ba hukumar tsare gine-ginen tarihi iko. Mutum 11 ne a cikinta, har da masana zanen gini uku da masanin tarihi ɗaya. Ba ta sa gini cikin tsaro sai ya shekara 30, sai kuma an yi zama a bainar jama'a an ji ta bakin mai shi. Da zarar an sa shi, wajibi ne mai ginin ya riƙa gyara shi, kuma ba shi da damar rushewa ko sāke fuskarsa sai da takardar izini. Duk da haka dokar ta bar masa ƙofa: in ya nuna ginin ba ya kawo masa ribar kashi 6 cikin 100 na ƙimarsa, sai hukuma ta nemo masa sauƙi, ko kuwa ta sakar masa abinsa.

Babbar jarrabawa ta zo ne a kan tashar Grand Central, wadda aka buɗe a 1913, aka sa ta cikin tsaro a 1967. A 1968 kamfanin Penn Central, magajin kamfanin da ya sa aka rushe waccan tasha, ya nemi ya ɗora bene mai hawa 55 a kanta. Hukuma ta ƙi, kamfani ya kai ƙara. A 1975 alƙalin farko ya ba kamfani gaskiya, har aka ga kamar dokar za ta faɗi warwas. Manyan gari, cikinsu har da Jacqueline Kennedy Onassis, suka tashi tsaye, birni ya ɗaukaka ƙara ya ci, kamfani kuma ya bi shari'a har Kotun Ƙoli.

Gardamar duka a kan ma'anar kalma guda ta ke, watau karɓewa. Kamfani ya ce sararin da ke bisa tasha dukiyarsa ce, hana shi gini a ciki kuwa karɓewa ne, sai a biya shi. Ran 26 ga Yuni 1978 alƙalai 6 suka goyi bayan birni, 3 suka saɓa. Mai shari'a William Brennan ya bayyana cewa ba a yanka dukiya gunduwa-gunduwa a ce an karɓe gunduwa ɗaya; gaba ɗayanta a ke dubawa. Tasha tana nan hannun mai ita, jirage na shiga suna fita, tana iya kawo riba, kuma an yarda masa ya mai da haƙƙin ginin da aka hana shi zuwa filayen da ke kusa. Mai shari'a William Rehnquist kuwa, wanda ya rubuta ra'ayin masu saɓawa, ya ga cewa an ɗora wa 'yan tsiraru kayan da ya kamata jama'a duka su ɗauka.

Wannan hukunci shi ne ya zama madogarar irin waɗannan hukumomi a ko'ina cikin Amurka. Hukumar New York tana iya tsai da aikin da aka soma ba izini, ta sa a ci tara, ta kuma kai mai sakaci da gini gaban alƙali. Amma ikon nan yana da iyaka: majalisar birni tana iya soke shawararta, mai gini kuma yana iya ƙalubalantarta a kotu. Tambayar da Rehnquist ya tayar, ta wanda ya kamata ya ɗauki asarar tsare abin da kowa ke mora, har yau ita ce ke kai masu gini da hukumomi gaban shari'a.