Kasuwancin taimakon al'umma ko na neman riba: Me ke raba ɗalibai?

Kasuwancin taimakon al'umma shi ne wanda ake kafawa domin magance wata matsala da ta addabi jama'a, amma yana sayar da kaya ko yin aiki a biya shi, don ya ɗauki nauyin kansa. A nan ya sha bamban da ƙungiyar agaji mai jiran tallafi, da kuma kasuwancin da aka saba, wanda riba ce ma'auninsa.

Wanda aka fi kafa misali da shi shi ne Muhammad Yunus, malamin jami'a a Bangaladash, wanda ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra a 1976, rancen da ya zama tushen bankin Grameen. A Najeriya kuwa, Bilikiss Adebiyi-Abiola tana ɗaliba a jami'ar MIT ta Amurka ta faro tunanin Wecyclers, kamfanin da ya soma aiki a Legas a 2012, yana karɓar robobi da gwangwanaye daga gidaje yana ba masu su tukuici.

Ɗalibin da ya karkata ga wannan hanya yawanci matsalar da ya gani da idonsa ce ke tura shi: shara a unguwa, tumatir da ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa, yaran da ba sa zuwa makaranta. Akwai kuma kwaɗayin gasa, kamar Hult Prize da ke ba ɗaliban da suka yi nasara dala miliyan 1, har wasu kan ɗinka tunaninsu daidai da abin da alƙalai ke son ji.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa mai neman riba ya fi son kansa. Ɗalibin da ke biyan kuɗin makarantarsa da sayar da data ko ɗinki, ga ƙanne suna jiransa a gida, ba shi da halin jiran shekaru kafin sana'a ta tsaya da ƙafafunta. Sau da yawa aljihun iyaye ne ke yanke hukuncin, ba zuciyar ɗalibi ba.

Doka ma ba ta sauƙaƙa zaɓin ba. Tun 2005 Birtaniya ta ware rajista ta musamman ga irin waɗannan kamfanoni. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA 2020, ba ta da wannan rukuni. Don haka matashin da ya je hukumar CAC sai ya zaɓa: ko ya yi rajista a matsayin kasuwanci kamar kowa, ko a matsayin ƙungiyar da ba ta raba riba, wadda masu zuba jari ba su da abin ɗauka a cikinta.