Ma'aikatar Shari'ar Amurka da Tarihin 'Yancin Kaɗa Ƙuri'a

Masu nazarin dimokuraɗiyya kan ɗauki ranar da aka rubuta wani haƙƙi a kundin tsarin mulki a matsayin ranar da jama'a suka same shi. Tarihin baƙaƙen fata a Amurka ya saɓa wa wannan zato. An ba mazansu 'yancin kaɗa ƙuri'a a takarda a shekarar 1870, amma daga baya aka nisanta akasarinsu a jihohin Kudu daga akwatin zaɓe har zuwa 1965. Hujjar wannan maƙala ita ce, a cikin waɗannan shekaru 95 da ma bayansu, ƙarfin haƙƙin ya dogara ne a kan abu biyu: ƙudurin wanda ke shugabantar Ma'aikatar Shari'a, da kaifin dokar da aka damƙa masa.

An kafa ma'aikatar a 1870, a zamanin Shugaba Ulysses Grant, shekarar da aka amince da gyara na 15 ga kundin tsarin mulki, wanda ya haramta hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Aikinta na farko mai nauyi shi ne tunkarar ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda ke dukan baƙaƙen fata da kashe su don su guji zaɓe. Antoni Janar na lokacin, wato shugaban ma'aikatar, Amos Akerman, ya taɓa yi wa ɓangaren Kudu aikin soja a yaƙin basasa, amma ya gurfanar da ɗaruruwan 'yan ƙungiyar a kotunan tarayya, musamman a jihar Carolina ta Kudu. Ya bar muƙamin a ƙarshen 1871, kuma bayan 'yan shekaru himmar ta yi sanyi. Kotun Ƙoli ta rage wa dokokin ƙarfi a hukunce-hukuncenta na 1876, sannan gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu a 1877.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda ake kashe haƙƙi ba tare da an goge shi daga kundi ba. Jihar Mississippi ta shigo da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu a tsarin mulkinta na 1890, sauran jihohi suka bi sahu. A Louisiana, baƙaƙen fata masu rajista sun haura 130,000 a 1896, amma zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Gyara na 15 yana nan daram a duk tsawon lokacin, mai tilasta bin sa ne babu.

Ma'aikatar ta farfaɗo da aikin bayan dokar haƙƙin jama'a ta 1957, wadda Antoni Janar Herbert Brownell ya yi wa fafutuka, kuma ita ta samar da sashen kare haƙƙin jama'a a cikin ma'aikatar. Lauyoyi irin su John Doar sun riƙa bin gunduma-gunduma suna tattara shaida suna shigar da ƙara. A nan ne aka gane cewa ƙuduri kaɗai bai isa ba. A gundumar Dallas ta jihar Alabama, inda garin Selma yake, an shafe kimanin shekara huɗu ana shari'a, amma masu rajista daga cikin baƙaƙen fata kusan 15,000 da suka isa zaɓe sun tashi ne daga 156 zuwa 383 kacal. Da zarar kotu ta soke wata dabara, sai hukumomin jiha su ɓullo da wata.

Dukan da 'yan sanda suka yi wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a gadar Edmund Pettus da ke Selma ranar 7 ga Maris 1965 ya girgiza ƙasar. Ma'aikatar, ƙarƙashin Nicholas Katzenbach, ta tsara Dokar 'Yancin Zaɓe, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu ranar 6 ga Agusta. Hikimar dokar tana cikin sashe na 5, wanda ya wajabta wa jihohin da aka san su da wariya neman amincewar ma'aikatar, ko ta kotun tarayya da ke Washington, kafin su canja kowace ƙa'idar zaɓe. Nauyin kawo hujja ya koma wuyan jiha. Rigakafi ya fi magani, kuma sakamako ya tabbatar da haka: a Mississippi, rajistar baƙaƙen fata ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 zuwa kusan kashi 60 a 1967.

Masu sukar wannan tsari suna da hujjar da ta cancanci a saurare ta. A shari'ar gundumar Shelby da Antoni Janar Eric Holder a 2013, alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka yanke cewa ma'aunin da ake zaɓo jihohin da shi ya tsufa, domin an gina shi a kan alƙaluman shekarun 1960 da 1970, alhali Kudu ta canja. Gaskiya ne ta canja, sai dai wani ɓangare na canjin dokar ce ta kawo shi, kuma Majalisar Dattawa ta sabunta ta a 2006 da ƙuri'a 98 ba tare da ko ɗaya ya ƙi ba. A ranar da aka yanke hukuncin, jihar Texas ta sanar da fara aiki da dokarta ta katin shaida, wadda kotun tarayya ta riga ta hana a ƙarƙashin sashe na 5.

Tun daga nan ma'aikatar ta koma shigar da ƙara ɗaya bayan ɗaya, wanda sau da yawa ihu ne bayan hari, tunda ana iya gama zaɓe kafin a gama shari'a. Hakan ya sake mayar da komai hannun shugabanta. Antoni Janar Merrick Garland ya kai ƙarar jihar Georgia a 2021 kan sabuwar dokar zaɓenta, magajiyarsa Pam Bondi kuma ta ba da umarnin janye ƙarar a 2025. Ko wane ɓangare mutum ya ba gaskiya, abin lura shi ne matsayin gwamnati ya juya da sauyin mutum ɗaya, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa kuma yake iya saukewa.

Saboda haka aiki biyu ne a gaban Amurkawa. Majalisarsu ta rubuta sabon ma'auni bisa shaidar wannan zamani, kamar yadda hukuncin 2013 ya bar mata ƙofar yi, kuma 'yan Majalisar Dattawa su riƙa tsananta bincike a kan ra'ayin duk wanda za a naɗa Antoni Janar game da ƙuri'ar talaka. Haƙƙin da ke jiran alherin mai muƙami bai zauna da gindinsa ba, kuma wajibi ne a gina dokar da za ta kare mai zaɓe ko da wane ne ke kan kujera.